Karatun lauya na Asabar da Lahadi a Legas: wa ya san gaskiyar lamarin?

Sakatare_Mile12:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka sani. Akwai wata 'yar ƙaramar makaranta a kan hanyar Ikorodu da ke tallar karatun shari'a ga masu sana'a: lakca ranar Asabar da Lahadi, sauran ta waya, kuɗin makaranta kuma a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Sun ce cikin shekara uku mutum ya gama. Ni dai na haura talatin da biyar, ina da iyali, kuma ni ke riƙe da littafin ƙungiyarmu ta dillalan albasa. Duk takardar da ta zo daga hukuma ni ake miƙo wa. In an kama yaronmu, ni ake tasa gaba zuwa caji ofis. Na gaji da tsayuwa gaban lauya ina gyaɗa kai alhali rabin maganarsa ban gane ba. Tambayata biyu ce. In na yi wannan karatu zan iya tsayawa gaban alƙali in kare mutum? In kuwa ba zai yiwu ba, akwai wata hanyar da ba sai na bar kasuwa ba?

Ɗan_Obalende:
Wa alaikumus salam. Kar ka ba su ko sisi tukuna. Bari Barista ya hau.

Barista_Ikeja:
Malam Sakatare, Allah ya saka da wannan niyya. Amsar tambayarka ta farko: a'a. Hanyar zama lauya a Najeriya ɗaya ce. Sai ka yi digirin LL.B a jami'ar da hukumar jami'o'i ta NUC da Hukumar Kula da Karatun Lauya, wato CLE, suka amince ta koyar da shi. Shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, 4 ga wanda aka ɗauka aji biyu kai tsaye. Daga nan sai Makarantar Horas da Lauyoyi, kusan shekara guda, a Bwari, ko nan Victoria Island, ko Bagauda ta Kano, ko Yola, Inugu, Yenagoa da Fatakwal. Ba kai ke zaɓar inda za a tura ka ba, ra'ayi kawai kake nunawa. Ka ci jarrabawar ƙarshe, a rantsar da kai, sannan a shigar da sunanka cikin kundin Kotun Ƙoli. Wanda sunansa ba ya cikin wannan kundi, ko da ya haddace dokokin ƙasar nan kaf, ba lauya ba ne, kuma in ya gabatar da kansa a matsayin lauya laifi ya aikata.

Inda maganarka ta maƙale shi ne, CLE ta daɗe da cewa ba ta karɓar digirin lauya na wucin gadi, ko na wasiƙa, ko na karatu daga nesa. Dole ne ka zauna a aji cikakken lokaci. Har yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka a shekara hukumar ce ke ƙayyadewa, kuma tana hukunta jami'ar da ta zarce. To ka ga makarantar da ke aji Asabar da Lahadi ta faɗi tun daga matakin farko. Ban ce duk abin da suke koyarwa banza ba ne, ban ga manhajarsu ba. Amma ka je ka yi musu tambaya ɗaya, kuma su ba ka amsa a rubuce: wanda ya gama a nan, makarantar lauyoyi za ta ɗauke shi?

Mai_Goro_Agege:
Barista ranka ya daɗe, to NOUN fa, jami'ar karatu daga nesa? Ba ga Obasanjo ya yi karatu a can har digirin digirgir ba?

Barista_Ikeja:
@Mai_Goro_Agege Obasanjo ilimin addinin Kirista ya karanta a can, Alhaji, ba lauya ba.

Malamin_Firamare:
Maganar NOUN ai ita ce darasin da ya kamata kowa ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa. Jami'ar gwamnatin tarayya ce fa, ba ta wani ɗan kasuwa ba. Ta buɗe sashen shari'a, ma'aikata da sojoji da 'yan sanda da 'yan kasuwa suka yi tururuwa, suka gama, aka ba su digiri. Da suka nufi makarantar lauyoyi sai aka ce ba a san da su ba. A 2015 CLE ta fito fili ta ce ba ta amince da digirin ba, aka kuma dakatar da ɗaukar sabbin ɗaliban lauya a jami'ar. Ɗaliban suka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal, ba su yi nasara ba. Sai a ƙarshen 2018 Buhari ya sa hannu a gyaran dokar jami'ar, kuma ko da hakan ma sai daga baya aka shirya wa waɗanda suka riga suka gama wani kwas na musamman na share fage kafin su wuce. Wasu sun tsufa suna jira. In jami'ar tarayya ta sha wannan, ina ga makarantar da ke hayar bene a bakin titi? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Bature_Alaba:
Ni a ganina ku daina wahalar da shi. Kwatano ta Jamhuriyar Benin na nan kusa, daga Mile 2 ka hau mota ka tsallaka Seme. Akwai jami'o'in da ke karatu da Turanci, kuma suna sassauta wa ma'aikata.

Ɗan_Obalende:
@Bature_Alaba haba ɗan'uwa. Ka manta abin da ya faru? Wakilin Daily Nigerian ya ɓad da kama ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Wannan ce hanyar da za ka nuna wa mai iyali?

Barista_Ikeja:
Ƙari a kan haka, tsarin shari'ar Jamhuriyar Benin na Faransa ne, namu kuwa daga Ingila muka gada. Wanda ya karanta lauya a waje, sai jami'arsa ta zama wadda CLE ta yarda da ita, sannan ya yi zangon farko na musamman a makarantar lauyoyi, inda zai koyi dokokin Najeriya, kafin ya haɗu da sauran ɗalibai. Tsallaka iyaka ba ya gajarta hanya.

Muhuti_Mai_Ritaya:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni na yi aikin kotu a Arewa har na ajiye, yanzu ina zaune wurin ɗana a Idi-Araba. Ina so in tuna muku wani abu da kuka tsallake. Mu a can muna da irin waɗannan ƙananan makarantu na shari'a tun da daɗewa, kuma na gwamnatin jiha ne, masu rajista. Akwai Kwalejin Aminu Kano, wadda Kanawa ke kira Ligal. Akwai ta A.D. Rufa'i a Misau, akwai ta Mohammed Goni a Maiduguri, akwai ta Daura mai sunan Yusufu Bala Usman. A fannin shari'a difloma suke bayarwa, ba digirin lauya ba, kuma ba su taɓa yi wa kowa alƙawarin hular lauya ba. Amma ku shiga kotunan Shari'a da na yanki ku duba rajistarori da muhutai da alƙalai da yawa, daga nan suka fito. Mutumin ƙauye da ba zai iya zuwa Kongo ta jami'ar ABU Zariya ko Bayero ba, a nan yake samun abin da zai riƙe kansa da garinsu.

Shi tsarin mulkin ƙasa ma ya san da wannan. Ku duba sashe na 276, bai ce dole sai lauya ne zai zama Ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba. Wanda ya yi shaidar karatun shari'ar Musulunci a makarantar da aka amince da ita, ya riƙe ta shekara goma, yana da gogewa ko shahara a ilimi, ya cancanta. Saboda haka kar a raina ƙaramar makaranta don ƙanƙantarta. Abin dubawa shi ne, tana faɗin gaskiya game da takardarta ko ba ta faɗi.

Sakatare_Mile12:
Baba Muhuti na gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya. To amma a nan Ikko difloma irin wannan za ta yi mini amfani?

Muhuti_Mai_Ritaya:
A kotu kam a'a ɗana, don Jihar Legas ba ta da kotun Shari'a ta gwamnati. Akwai dai kwamitin malamai mai zaman kansa da ke sasanta aure da gado ga waɗanda suka kai kansu. Amfaninta gare ka biyu ne: ilimin kansa, sai kuma wasu jami'o'in Arewa na karɓar difloma mai kyawun sakamako su sa mutum aji biyu. Amma komawa gida za ka yi ka zauna a aji, ka ga mun dawo kan matsalarka ta farko.

Nura_Minnesota:
Gaisuwa daga nan. A Agege aka haife ni, shi ya sa nake bin wannan zaure. Abin da Malam Sakatare ke nema, a nan Amurka abu ne da aka saba. Sai mutum ya yi digirin farko a kowane fanni sannan ya shiga karatun lauya, shekara 3 ga mai cikakken lokaci, 4 ga mai zuwa da yamma bayan ya tashi aiki. Akwai ƙananan makarantu da tun asali don ma'aikata aka kafa su. Misali ta Nashville a jihar Tennessee, tun 1911 take karatun dare. Ba ta da amincewar ƙungiyar lauyoyin Amurka ta ƙasa, amma jiharta ta yarda ɗalibanta su zauna jarrabawar zama lauya a jihar. Galibinsu a nan yankin suke zama su yi aiki, a ƙananan garuruwan da manyan lauyoyi ba sa waiwaya. Wasu jihohi ma, irin su California da Virginia, suna barin mutum ya koya a ofishin lauya na wasu shekaru ya je ya zauna jarrabawa, ko da yake kaɗan ne ke haye ta ta wannan hanya. Ingila ma tun 2021 ta kawo sabuwar jarrabawa wadda mai kowane irin digiri zai iya zama, in ya haɗa da shekara biyu ta gogewar aiki. Su a wurinsu jarrabawa ce mai tsaron ƙofa. Mu kuwa mun sa kujerar aji ta zama mai tsaron ƙofa.

Barista_Ikeja:
@Nura_Minnesota na ji ka, amma kar mu ɗauko rabin labari. Ku can kuna da hukumomin da za su rufe makaranta in ɗalibanta na ta faɗuwa, kuma a rufe ta da gaske. A nan an taɓa yin karatun lauya na yamma, jami'o'in Legas ɗin nan sun yi shi. Me ya kashe shi? Jami'o'i suka mai da shi hanyar tara kuɗi, aji ɗaya ɗaruruwan mutane, malami ɗaya, babu ɗakin karatu, wasu ma sai ranar jarrabawa ake ganinsu. Lauya rayuwar mutum ake damƙa masa. Kuskuren kwanan wata ɗaya a takardar ɗaukaka ƙara na iya sa mutum ya rasa gidansa. Ni ba na goyon bayan a buɗe ƙofar haka kawai.

Malamin_Firamare:
Barista, da girmanka, a nan ban bi ka ba. In jami'a ta cika aji fiye da ƙima, jami'ar za a hukunta, ba direban tirela da ke son karatu ba. Ai cikakken lokacin ma ana cika aji, shi ya sa aka sa ƙa'idar adadi. Me ya hana a sa irin wannan ƙa'ida a na yamma? A ce mutum hamsin, shekara shida ko bakwai maimakon biyar, jarrabawa iri ɗaya da ta 'yan safe. Wanda ya ci ya ci.

Kuma ku duba tarihi. Duk wanda ke bin hanyar Ojota zuwa Mile 12 yana wuce dandalin Gani Fawehinmi. Shi Gani, fitaccen lauyan nan, a Landan ya yi karatu, mahaifinsa ya rasu yana tsaka da shi, kuɗi suka yanke, ya koma aikin ƙarfi yana karatu da kansa, a haka ya ci jarrabawar Jami'ar Landan, aka rantsar da shi lauya a 1965. Da da dokar yau aka auna shi, da wuya ya tsallake. Wa ya kai shi tsaya wa talaka a kotunan ƙasar nan? Ita kanta makarantar lauyoyin da ɗalibai 8 ta fara a 1963 a titin Igbosere. Ƙarami ba aibu ba ne.

Barista_Ikeja:
Malam, Gani ɗaya ne a cikin dubu. Ba a gina doka a kan ɗaya cikin dubu. Amma shawararka ta adadi da ƙarin shekaru, wannan abin tattaunawa ne, ban ƙi ta ba. Sai dai ba ni da kai ke yanke hukunci ba, kuma Malam Sakatare yau yake neman amsa.

Tafinta_Ogba:
Ku ba ni dama in faɗi abin da idona ke gani, don ina yin tafinta a kotunan majistare in an neme ni. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, yaranmu da ake kawowa sun ƙaru sosai. Abin da ke cin su ba rashin babban lauya ba ne, rashin sanin abu ɗaya ko biyu ne. An kawo wani yaro ɗan wajen Jigawa, aka karanta masa tuhuma da Turanci, aka tambaye shi, ya ce “yes sir”. Shi a ransa ladabi yake yi wa babba. Aka rubuta ya amsa laifi. Allah ya sa majistaren mai lura ce, ta ga idonsa bai nuna ya fahimci komai ba, ta sa aka nemo ni aka sake karantawa. Da ya ji abin da ake tuhumarsa da shi, sai ya fashe da kuka yana rantsuwa ko unguwar bai taɓa zuwa ba. Nawa ne irinsa da ba a lura ba suke gidajen yarin Kirikiri da Ikoyi suna jiran shari'a?

Tsarin mulki sashe na 36 ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta in bai ji harshen kotu ba. Sashe na 35 ya ce yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa. Doka ta hana a kama ƙane a madadin wa. Mace na iya tsaya wa mutum beli. Wallahi da a kowace tasha da kowace kasuwa akwai mutum ɗaya da ya san waɗannan, ya kuma san hanyar ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali da ke Surulere, da rabin kukan nan ya ragu. Wannan ba ya buƙatar hular lauya. Malam Sakatare, in don mutanenka kake so, wannan ilimi kake nema.

Mai_Goro_Agege:
Allahu akbar. Wannan magana ta Malam Tafinta ta taɓa ni. Ni ban taɓa sanin mace na tsayawa beli ba.

Hajiya_Idiaraba:
Tana tsayawa Alhaji, ni na tsaya wa ɗan ƙanwata. Sai da na dage dai, don da farko cewa aka yi in je in zo da namiji. Kuma tun da an taɓo mata, ku sani mu ma wannan tambaya ta shafe mu, ta ma fi shafarmu. Namiji na iya barin iyali ya tafi Zariya shekara huɗu. Matar aure mai goyo fa? Ina da 'ya, ta gama sakandare da sakamako mai kyau, aka yi mata aure, har yau maganarta ɗaya ce, lauya take son zama. Kullum mata na zuwa gidana da matsalar gado, da ta mijin da ya tafi ya bar yara, da ta mai gidan haya da ya watso kaya waje. Abin da mace za ta gaya wa mace ba za ta gaya wa namiji ba, balle wanda ba ya jin Hausa. Da akwai karatun yamma na gaskiya da ni da kaina zan riƙe mata yaran.

Ummu_Khalil:
Hajiya, amma an ce wai ba a rantsar da mai hijabi?

Hajiya_Idiaraba:
Wannan ya wuce 'yata. Firdausi Amasa ce aka hana shiga zauren rantsuwa a Abuja a Disambar 2017 saboda ta ƙi cire hijabi. Aka yi ta muhawara a ƙasa, a 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. Tun daga nan an samu sauƙi.

Barista_Ikeja:
Haka ne Hajiya. Game da mai gidan haya kuma, ki gaya musu dokar haya ta Legas ta 2011 ta ce mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida ake ba shi in ba su rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. Bayan nan akwai notis na kwana bakwai, sannan kotu. Mai gida ba shi da ikon cire rufi ko ƙofa ko watso kaya da kansa. Akwai kuma cibiyar sasanci ta gwamnatin jiha da ke sauraron irin wannan kyauta. 'Yar taki kuma, jami'ar LASU ta Ojo, jami'ar UNILAG ta Akoka, duka suna da sashen shari'a. Daga Idi-Araba zuwa Akoka ba nisa. Cikakken lokaci ne, amma a gidanta za ta riƙa kwana. Matan aure da yawa sun yi.

Ɗan_Obalende:
Jama'a mun yi nisa. Mutumin nan tambaya ya yi a kan makarantar hanyar Ikorodu. Malam Sakatare, ka je ka tambaye su?

Sakatare_Mile12:
Na je. Mutanen sun karɓe ni da mutunci, ba zan ɓoye ba. Ajinsu tsaf, na tarar da manya irina suna karatun dokar kwangila, malamin kuma lauya ne. Da na yi tambayar da Barista ya ce, sai jami'in ya ce satifiket da difloma suke bayarwa, amma suna da alaƙa da wata jami'a a waje da za ta “ƙarasa” wa mutum digiri ta intanet. Na ce a rubuta mini cewa makarantar lauyoyi za ta ɗauke ni. Ya ce wannan ba a hannunsu yake ba. Na tambayi ko akwai ɗalibinsu ko ɗaya da aka rantsar, ya ce ana kan hanya. To ni yanzu raina ya rabu biyu. Darasin da na saurara ya amfane ni, don a zama ɗaya na gane abin da ya sa muke asara in mun ba da kaya bashi da baki kawai. Amma kuɗin da suke nema na wanda zai zama lauya ne.

Bature_Alaba:
To ai ka ga sun faɗi gaskiya. Ka shiga don ilimin mana. Da babu gara ba daɗi.

Malamin_Firamare:
Ba su faɗi gaskiya ba sai da aka matsa su. A takardar talla me suka zana? Na tabbata hoton mai hular lauya ne. Mutum nawa ne za su je su yi tambayar da Sakatare ya yi? Wannan kamar ɗan kamasho ne ya sayar maka da tikitin Kano alhali motar Ibadan za ta tsaya. Motar lafiyarta lau, amma ba inda ka biya za ta kai ka ba.

Lauyan_Apapa:
Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni. Ni akawu nake a wani kamfanin dakon kaya a Apapa, na kusa arba'in na ajiye na koma Kano na shiga Bayero. Da yaran da na isa haifa nake zama a aji. Ƙanena ya riƙe shagon da na buɗe, matata ta koma gidan iyayena da yara, muka rage komai. Shekarar makarantar lauyoyi ta fi kowace wuya, don a can ko sana'ar waya ba ka da lokacinta: aji tun safe, tufafi baƙi da fari kullum, a tura ka kotu da ofishin lauya ka koyi aiki, ga liyafar cin abinci uku da dole ka halarta, ga darussa biyar da duk sai ka ci. Na fito, alhamdu lillahi.

Abin da zan gaya maka tsakani da Allah, Malam Sakatare: kar ka yi don kuɗi. Sabon lauya a ofishin wani, abin da ake ba shi a wata bai kai ribar da dillalin albasa ke samu a mako mai kyau ba. Ni abin da ya cece ni shi ne na dawo da jama'ata a hannu. Direbobi da masu motoci sun san ni tun ina akawu, su suka zama masu kawo mini aiki. Kai ma kana da wannan, Mile 12 kaf ta san ka. In kana da wanda zai riƙe maka gida da amana, ka yi, shekaru ba sa hanawa. In babu, kar ka jefa yara cikin wahala. Ka je ka koyi sasanci, akwai cibiyar masu shiga tsakani ta ICMC da ke horaswa cikin ɗan lokaci kuma ba sai lauya ba. Ka kuma san kotun ƙananan basussuka da Legas ta buɗe a 2018, ta bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, fom kake cikewa ka tsaya da kanka ba tare da lauya ba. Rabin rigimar kasuwarku a nan za ta ƙare.

Alhaji_Oko_Oba:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ina da magana. Me ya sa sai Sakatare ne zai yi? Ga Alaba Rago, tsallaken titi ne tsakaninta da LASU. Yaranmu nawa ne a sashen shari'a na wannan jami'a? Mu masu shanu, da 'yan gwari, da masu canji, da masu tireloli, abin da muke kashewa a beli da lauyoyi a shekara ya isa ya ɗauki nauyin yara goma. A zaɓo waɗanda aka haifa a nan, masu jin Hausa da Yarbanci da Turanci, maza da mata. Ni na ɗauki nauyin ɗaya in za a yi da gaske.

Ɗan_Obalende:
Allah ya saka Alhaji. Amma an sha yin irin wannan. Yaro ya gama ya samu aiki a banki ko kamfanin mai a Island, ka kira shi caji ofis da dare ya ce yana mitin.

Alhaji_Oko_Oba:
To sai a fasa? Ko uku cikin goma suka tsaya an ci riba. Sauran ma ai namu ne a inda suke.

Tafinta_Ogba:
Shawarar Alhaji ta shekara shida ce nan gaba. Yaran da ke tsare yau fa? A yi duka biyun. Barista da Lauyan Apapa, in za ku ba da awa biyu ranar Lahadi bayan la'asar, ni zan nemi izinin ajin Islamiyya a Agege. A koya wa sakatarorin ƙungiyoyi da shugabannin tasha abin da ya shafi kamu, beli, haya da rubuta yarjejeniya, da Hausa. Ba satifiket, ba kuɗi.

Barista_Ikeja:
Sau ɗaya a wata zan iya. Da sharaɗi: duk wanda ya zo ya san ba lauya ya zama ba. Na ga waɗanda suka ɗan ji doka suka koma kwana a harabar kotu suna karɓar kuɗin mutane da sunan za su fito musu da ɗan'uwa. Waɗannan sun fi jahilci illa.

Malamin_Firamare:
Ajin Lahadi abu ne mai kyau kuma zan zo. Amma kar ya mantar da mu asalin zancen. Sakatare ba cewa ya yi yana son ya san hanyar Surulere ba, cewa ya yi yana son ya tsaya gaban alƙali. Ƙasar da ma'aikaci zai iya zama akanta mai lasisi ta hanyar jarrabawar ICAN yana kan aikinsa, ban ga dalilin da za a ce lauya kaɗai ba zai yiwu ba. Muna da 'yan majalisa, a kai musu wannan magana a rubuce.

Ummu_Khalil:
Don Allah kafin a watse, ni ina da kiredit a Turanci da Lissafi da Gwamnati da Addini, amma ban yi Adabin Turanci ba a WAEC. Zan iya neman lauya a LASU haka?

Lauyan_Apapa:
@Ummu_Khalil sai kin nemo shi 'yar'uwa, kusan duk jami'o'i na neman kiredit a Adabin Turanci, kuma a JAMB ma dole ki zaɓe shi. Ki yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO. Amma ki fara duba littafin JAMB na bana ki ga ko jami'ar na karɓar sakamakon zama biyu a sashen shari'a, don wasu zama ɗaya suke nema. In haka ne, duka darussan za ki sake, ba shi kaɗai ba.